Ƙahon Canji da Gwiwar Marnie

Ni ce mai ƙaho a teburin alƙalai na Kwalejin Sorrel Creek, nan cikin duwatsun Kentucky, kuma ina kan kujerar nan tun kafin a haifi 'yan matan da ke buga mana ƙwallon kwando yanzu. Aikin ba wani abin a zo a gani ba ne. In koci za ta yi canji, yarinyar da za ta shiga takan zo ta durƙusa a gaban teburina ta jira. Da zarar alƙalin wasa ya hura usur wasa ya tsaya, sai in danna maɓalli, ƙaho ya yi kuka, alƙali ya yafito ta, ta shiga fili. In wasa bai tsaya ba, ko kwana za ta yi a durƙushe ba ta shiga.

Kusa da ni Orval Stamper yake zama, shi ke riƙe da agogo. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, matarsa ta rasu, kuma duk wasan duniya da ledar gyaɗa yake zuwa ya cika min teburi da ɓawo.

"Verna, yatsan nan naki ya fi bakinki hankali," in ji shi kullum. "Shi dai yana jiran usur."

Ni kuma in ce masa ya kula da agogon mutane, tun da na cikin kansa ya daɗe da tsayawa.

Marnie Tolliver 'yar ƙanena ce. Tana 'yar shekara shida ubanta ya kawo min ita da wani koren akwati, ya ce zai je aikin titi a Ohio ya dawo. Bai dawo ba, mota ta buge shi kafin sanyin shekarar ya wuce, uwarta kuwa dama ta riga shi. Ni ban taɓa haihuwa ba, aure ma sau ɗaya na yi na ƙoshi. Na kwashe 'yan kayanta na zuba a durowa, akwatin kuma na cusa shi can cikin rufin ɗaki, don ba na son in riƙa ganin abin da ake tafiya da shi.

A tsallaken rafinmu gidan su Shay Ledford yake. A jikin rumbun shanya taba na uban Shay aka kafa wani tsohon kwando, kuma a nan yaran nan biyu suka haɗu suna firamare. Shay guntuwa ce, ga baki, ga ido kamar na shaho, ita ke raba ƙwallo. Marnie doguwa ce marar son magana, ita ke jefawa. Tun daga rumbun nan har sakandare har kwaleji ba su taɓa sa riga daban-daban ba. Hanta da jini ke nan, amma ban taɓa ganin mutum biyu masu yawan faɗa kamarsu ba. A kan ƙwallo su yi, a kan samari su yi, a kan wa ta cinye ragowar burodin masara su yi.

Dokar wasan kwaleji shekara huɗu take ba yaro, ba ƙari. Bana ita ce ta huɗunsu. A watan Agusta, tun kakar wasa ba ta fara ba, suna atisaye, Marnie ta yi tsalle ta sauko, ba wadda ta taɓa ta, gwiwar hagu ta lanƙwashe. Jijiya ta tsinke. Aka yi mata aiki, ta dawo gida da sanduna biyu, ni na riƙa yi mata wanka kamar lokacin da aka kawo min ita.

Sai Koci Burdette ta zo gida ta yi mana bayanin wata doka. Wadda rauni ya hana ta taka fili duk tsawon kaka, ana mayar mata da shekararta, ta dawo baɗi ta yi wasa cikakke. Amma in ta kuskura ta shiga a ƙarshen kaka, ko da na ƙiftawar ido ne, to an ƙirga shekarar, ta tafi ke nan.

Na yi kuka da gwiwar nan, Allah ya sani. Amma dokar ta yi min daɗi, kuma ba zan ɓoye dalili ba. Wata makaranta a Texas ta riga ta yi wa Marnie alkawarin aikin koyarwa da zarar ta gama a watan Mayu. Texas fa, inda sai mutum ya wuni ya kwana a mota. In aka mayar mata da shekarar, za ta ƙara karatu, ta ƙara wasa, ta ƙara shekara guda tana kwana a ɗakin baya tana bar min takalma a bakin ƙofa ina tuntuɓe da su. Shekarar nan tata ce a takarda, amma ni ma na sa rai da ita.

Duk tsawon sanyi Marnie tana ƙarshen benci cikin rigar sanyi, tana tafa wa mutane. Da safe ta je ɗakin gashin ƙashi, da yamma ta ɗaga ƙarfe. Ta ajiye sanduna, ta fara tafiya, ta fara sassarfa, har na fara jin ƙarar ƙwallo a bayan gida. Yaranmu kuma suka yi abin da ba wanda ya zata, suka ƙare kaka a saman tebur, aka ce gasar ƙarshe ta sili-ɗaya-ƙwale a zaurenmu za a yi ta.

Farkon Maris, ana saura mako a fara, ta dawo daga wurin likita ta same ni ina juya wake a tukunya.

"Gwaggo, ya ce gwiwa ta warke. Zan iya wasa, amma kaɗan-kaɗan."

"Madalla," na ce. "Sai ki adana kaɗan-kaɗan ɗin zuwa baɗi, ya taru ya yi yawa."

Ta ja kujera ta zauna, ta miƙe ƙafar a kan wata.

"Baɗi ba Shay."

"Shay ce ƙwallon ko ita ce kwandon?"

"Kin san abin da nake nufi. Ta samu aikin jinya a asibiti, daga wasan nan ba za ta ƙara sa riga mai lamba ba. Tun muna yara muke cewa tare za mu gama. Ni kuma ga ni nan, shekarar ƙarshe ban karɓi ƙwallo daga hannunta ko sau ɗaya ba."

"To ku je rumbun ubanta ta jefa miki har hannunta ya gaji. Kwandon yana nan, ba inda ya je."

"Ba ɗaya ba ne, Gwaggo."

Ina shirin ba ta amsa sai ga Shay ta turo ƙofa ba sallama, kamar yadda ta saba tun tana da giɓi. Ta wuce kai tsaye ta yanki burodin masara, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya mutu?"

"Ƙawarki ce take son ta ƙona shekara guda saboda ke," na ce.

Shay ta ajiye burodin. Ban taɓa ganin ta ajiye abinci ba sai ran nan.

"Gwaggo Verna, in kina da igiya ki ɗaure ta a ƙafar gado. Ke Marnie, ki ji ni da kyau. Baɗi ke ce babba a ƙungiya, da ƙafa biyu, wasa kusan talatin. In kika shigo fili saboda ni, wallahi ba zan ba ki ƙwallo ba. Ki tsaya nan kamar turken fitila."

"Dama yaushe kika taɓa ba ni a kan lokaci?"

"Ji min marar kunya! Rabin makin da kika ci a duniya da hannuna kika ci shi."

Suka kama faɗa, ni kuma na zuba musu wake ina jin daɗi a raina, don na samu mai taya ni. Marnie ba ta sake tayar da maganar ba. Sai dai na san yarinyata. In ta yi gardama da sauƙi, in ta yi shiru kuwa ta riga ta gama shawara.

Washegari na tare Koci Burdette a wurin ajiye motoci. Mace ce mai murya kamar ana jan buhu a kan tsakuwa, ba ta da kwana-kwana.

"Ba zan kira sunanta ba, Verna, wannan na yi miki alkawari. Amma in ta tashi da ƙafarta ta zo teburinki, ba zan ja rigarta ba. Ba yarinya ba ce."

"A gidana yarinya ce."

"To ki hana ta a gidanki," in ji ta, ta shige mota.

Wasan farko muka ci da sauƙi. Na biyu da ƙyar da jiɓin goshi, Shay ta saci ƙwallo a ƙarshe ta fitar da mu kunya. Duk biyun Marnie tana ƙarshen benci, farar singileti ce kawai a ƙarƙashin rigar sanyinta, ko motsi ba ta yi ba. Hankalina ya fara kwanciya. Saura wasan ƙarshe, ranar Asabar da rana, mu da 'yan Kwalejin Ashlock. Wadda ta ci ta hau tsani ta yanke ragar kwando ta wuce gasar ƙasa, wadda aka ci ta koma gida ta wanke riguna.

Ranar Asabar aka tashi da yayyafi. Zaure ya cika tun kafin lokaci, har masu shagon aski sun rufe sun zo. Tsani da almakashi suna jingine a kusurwa. Da yaranmu suka fito suna ɗumama jiki, Marnie ta wuce ta gaban teburina, sai na ga shuɗin wuyan rigar wasa ya leƙo ta saman rigar sanyi. A gwiwar hagu kuma ga tudun takalmin ƙarfen da ake ɗaura wa mai rauni.

Orval ma ya gani. Ya tura min ledar gyaɗa.

"Ci, ki ba bakinki aiki."

"Cire min ƙazantar nan daga gabana," na ce.

'Yan Ashlock sun fi mu, ba sai an yi dogon bayani ba. Suna da wata doguwa da ko tsalle ba ta yi sai dai ta miƙa hannu ta ajiye ƙwallo a kwando kamar mai ajiye kofi a kanta. Kafin hutun rabin lokaci mun ɗan riƙe su. Bayan an dawo suka fara ja, tazara ta yi ta buɗewa. Koci ta nemi hutu, ta sake nema, har damar hutunta ta ƙare ƙaf, ba abin da ya canza. Ni dai ido ɗaya a fili, ɗaya a ƙarshen benci. Duk lokacin da Marnie ta gyara zama sai in ce tashi za ta yi. Amma ba ta tashi ba, ko a lokacin da 'yan kallo suka fara kiran sunanta suna cewa a sako ta ta ceci wasa.

Da ya tabbata wasa ya tafi, Koci ta fara abin da aka saba. Ta riƙa fitar da 'yan shekarar ƙarshe ɗaya-ɗaya, kowacce ta fito a miƙe a tafa mata, ta rungumi koci ta zauna ta rufe fuska da tawul. Na danna wa biyu ƙaho. Saura Shay kaɗai a fili cikin manyan. Agogo ya gangaro ƙasa da rabin minti, ƙwallo a hannun 'yan Ashlock.

A nan Marnie ta miƙe. Ta zuge rigar sanyi ta ninke ta, ninkewa fa, kamar mai shirin zuwa coci, ta ajiye a kan benci. Ta tako a hankali ta durƙusa a gabana da gwiwar dama, mai ƙarfen tana miƙe.

"Wa za ta fita?" na tambaya, don haka aiki ya ce in tambaya.

"Kelsey. Ba Shay ba."

Na waiga wurin Koci Burdette. Ta harɗe hannuwa tana kallon silin, kamar an rubuta mata wani abu a can.

Sai na lura da abin da ya sa numfashina ya dawo. 'Yan Ashlock ba su da sauran buƙatar jefawa. Mai raba musu ƙwallo, wata ƙaramar yarinya mai jan gashi, ta tsaya a tsakiyar fili tana buga ƙwallo a ƙasa tana jiran lokaci ya cika. Koci ba ta da hutu. In ba wadda ta yi keta, ba usur. In ba usur, ba ƙaho. Shay ma ta gane. Ta hango Marnie a durƙushe, ta ware hannuwa ta ja da baya tana yi wa sauran yaranmu tsawa.

"Kada wadda ta taɓa ta. Ku ja baya, ku bar ta da ƙwallonta."

Yaran suka ja baya. Agogo yana ta sauka. Na ji kaina ina addu'a a hankali, ni da ban taɓa roƙon Allah a kan agogon Orval ba.

Mutanen garinmu ne suka ɓata lamarin, su da son kirki ba tunani. Da suka ga Marnie a bakin teburi sai suka miƙe gaba ɗaya suna tafi suna kiran sunanta. Yarinyar nan mai jan gashi ta ɗaga kai ta dubi 'yan kallo, ta dubi teburi, ta ga ƙarfe a gwiwa. A wurinmu duk yarinyar da ta tashi a gidan mutunci ta san abin da ake yi in wasa ya ƙare ga 'yar shekarar ƙarshe tana jira a durƙushe. Ana sakin ƙwallo ya fita, a ba ta dama ta taka fili a tafa mata. Ita ina ta san da wata shekara? Ta sunkuya ta gangarar da ƙwallon zuwa bakin layi, har da ɗan murmushinta.

Shay ta bi shi da gudu. Na yi shekaru ina kallon 'yan wasa suna faɗuwa don su ƙwaci ƙwallo, amma ran nan na fara ganin wadda ta yi sufa a kan katako don ta hana a ba ƙungiyarta ƙwallo. Ta zame a kan cikinta, yatsunta suka kusa kaiwa, ƙwallon ya tsallake layi ya bugi ƙafar teburina. Alƙali ya hura usur, Orval ya tsayar da agogo.

Alƙalin ya juyo yana kallona. Yatsana yana kan maɓalli, ya yi nauyi kamar ba nawa ba.

"Gwaggo," in ji Marnie.

"Shekara ce fa, 'yar nan."

"Na sani."

"Wasan ya mutu. A kan mushe za ki zubar da ita?"

"Shi ya sa na jira. Da yana da sauran rai ba zan karɓi wurin mai ƙafa biyu ba. Da kuma mun ci, akwai wani wasan, sai in ƙara jira. Yanzu babu wani. Ki danna, Gwaggo."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ne kawai irin kallon ubanta. Zaure ya ɗan yi shiru, mutane sun fara mamakin abin da ya riƙe ƙaho. Orval ya matso da kansa kusa da ni, ya yi magana ƙasa-ƙasa, ba wasa a muryarsa.

"Verna, an hura usur."

Na danna. Ƙahon ya yi kukan da ya saba yi, ba ƙari ba ragi. Alƙali ya yafito ta, ta dafa teburi ta miƙe, ta tsallaka layi da ƙafar hagu.

Ƙwallo namu ne, kuma Shay ce za ta jefo shi daga gefe. Ta tashi tana kaɗe ciki, fuska a murtuke. Ta riga ta rantse ba za ta ba Marnie ba, don haka ta yi ta neman sauran ukun da ido. Su kuwa shegun yaran kowacce ta mayar da hannu baya ta juya tana kallon 'yan kallo. Alƙali ya fara ƙirga da hannu. Da ta ga ba mafita sai ta wurga wa Marnie ƙwallon a ƙirji da duk ƙarfinta.

"Ungo, jaka."

Marnie ta cafe. Ta buga shi a ƙasa, ta taka, ta sake takawa, gwiwa ta riƙe. 'Yan Ashlock suka dare suka bar mata hanya har kwando. Kowa ya zaci za ta je ta ajiye shi a tafa. Sai ta tsaya ta mayar wa Shay.

"Jefa. Wasanki na ƙarshe ne."

Shay ta dawo mata da shi.

"Ke jefa. Ke kika ƙona shekara, ai sai ki ci ko maki biyu a kai."

"Kullum ni ke jefawa. Yau ke."

"Ni ba na jefawa, kin sani."

Daga teburi ina jin su sarai, don zauren ya koma dariya ƙasa-ƙasa. Ƙwallo ya je, ya dawo, ya je, ya dawo, suna ta musu kamar a bayan rumbun taba. Lokaci ya cika ƙwallon yana sama a tsakaninsu, ba wadda ta jefa. Ya faɗi ya gangara abinsa. Shay ta je ta naushi Marnie a kafaɗa, sannan ta cusa kanta a ƙirjinta, suka tsaya haka a tsakiyar fili har aka fara jawo tsani.

'Yan Ashlock suka hau suka yanke ragarmu, kowacce da zarenta. Ina tattara kayana sai ga yarinyar nan mai jan gashi ta zo, zaren raga a maƙale a bayan kunnenta.

"Mama, 'yarki ce ko? An faɗa min. Na ga kamar lokaci zai ƙure mata, shi ne na ce bari in taimaka."

Na dube ta. Hannuna har ƙaiƙayi yake yi. Amma me ta yi in ba abin da aka koya mata ba?

"Uwarki ta yi tarbiyya," na ce. "Ki gaishe ta."

Ta tafi tana murna. Orval ya share ɓawon gyaɗarsa da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce in ina buƙatar wani abu in kira shi.

Muka kama hanyar gida da sauran rana, yayyafi bai tsaya ba. Marnie tana kujerar baya ta miƙe ƙafa, ledar ƙanƙara a kan gwiwa. Mun wuce gada kafin ta yi magana.

"Kin makara yau. Tun da nake ban taɓa jin ƙahonki ya makara ba."

"Maɓallin ne ya yi tauri. Na sha gaya musu su gyara."

Ta yi 'yar dariya.

"Na san abin da shekarar nan take a wurinki, Gwaggo."

"Ba ki san komai ba."

"Ko da na zauna, baɗi war haka dai tafiyar ce."

"Baɗi war haka da na shirya."

"Ba za ki shirya ba."

Gaskiya ta faɗa. Na mayar da hankali kan tuƙi, don hanya tana da santsi, idona kuma ya fara ba ni matsala. Na tambaye ta ko gwiwar tana ciwo, ta ce kaɗan. Na tambaye ta ko ta yi nadama. Ta ce ƙwallon da Shay ta wurgo mata har yanzu ƙirjinta yana zafi, kuma rabonta da jin daɗi irin wannan tun Agusta. Na leƙa madubi na ga fuskarta, na san ba don ta kwantar min da hankali ta faɗa ba. Haushi bai sake ni ba, amma na daina neman wanda zan ɗora wa laifi.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci na kira Orval na ce ya kawo min tsaninsa. Ya zo da shi a bayan motarsa, ya ce shi zai hau, na ce ya riƙe min ƙasa kawai kada ya cika ni da surutu. Na hau na buɗe rufin ɗaki, na laluba cikin ƙura har na taɓo koren akwatin. Na miƙa masa, na sauko a hankali.

Marnie tana tsaye a ƙofar kicin tana kallonmu. Na goge akwatin da tsumma, na gwada makullansa, duk biyun suna aiki. Hannun ne kawai ya tsinke ta gefe ɗaya.

"Akwai mai gyaran sirdi a bayan gidan mai," in ji Orval. "Zai ɗinke shi, amma ba shi da sauri."

"To ka kai masa gobe da safe," na ce. "Mayu ba nisa."